Leɓen da Wanzami Ya Ƙi

Wanzamin gidan mijina ya daɗe a ƙasa, na kuma san Musulmi ba ya zagin mamaci. Amma har yau in aka ambace shi a gabana, sai na haɗiyi yawu kafin “Allah ya ji ƙansa” ta fito daga bakina. Wani dogon tsoho ne mai jan haƙori saboda cin goro, zabira rataye a kafaɗa, yana tafe yana kallon bakin mutane kamar ya ba su ajiya. Gado ya yi. Ubansa ne ya yi wa uban mijina aski, shi kuma ya yi wa mijina da 'yan'uwansa. Duk ɗan da aka haifa a gidan nan na Madabo, shi ke cire masa belu kwana uku da haihuwa, ran suna ya aske masa kai, ya tsaga masa 'yan baka, uku-uku a kowane gefen baki. Da wannan tsagar ake gane ɗan gidan ko a tsakiyar kasuwa.

Da a nan ya tsaya da ba ni da ta cewa, don hannunsa na da kyau, ba zan ƙi gaskiya ba. Sai ya ɗora wa kansa wani ilimin da babu malamin da ya biya masa: wai shi masanin leɓe ne. Ya kasa leɓunan 'yan Adam kashi-kashi ya raɗa musu suna. Akwai bakin buta, tsukakke siriri. Akwai bakin ƙwarya, mai faɗi marar kauri. Akwai bakin tulu, mai kauri wanda ya ɗan juyo waje. Sannan akwai wanda yake kira leɓen gidan malamai, na sama siriri da ɗan tsini a tsakiya, na ƙasa cikakke, wai shi ne na gidan mijina tun kaka da kakanni. Cewa yake ido na yaudara, hanci na yaudara, amma leɓe ba ya ƙarya.

A shekarar da gari ya rikice ake farautar mutanen kudu, kasuwarsa ta buɗe. Samari marasa aikin yi suka mayar da shi alƙali. An taɓa jawo masa wani ɗan dako da aka tare a wajen Ƙofar Na'isa, ya kama haɓarsa ya juya, ya ce bakin tulu ne, ba namu ba ne. Sai da bawan Allah ya sha duka, yana kuka yana jero Fatiha da Ƙulhuwallahu da Hausar ƙauyen Kano tsantsa, sannan aka sake shi. Da aka gaya wa wanzami, ko a jikinsa. Cewa ya yi, “To a bincika kakarsa.” Mutumin da ba ya kuskure ke nan.

Ina amarya a lokacin. Mijina ɗinkin hula yake yi a zauren wansa, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, malami ne mai ɗalibai, kowa Malam yake ce masa. Da aka fara yaƙin basasa ana ɗibar soja, mijina ya ce zai shiga. Malam ya ce ɗan gidan nan ba ya sa kaki. Suka yi ta yi, har mijina ya sa ƙafa ya fice ba tare da sallama ba. Ya bar ni da Malam, da matarsa wadda take faccalata, da kuma yayarsu mace da aurenta ya mutu ta dawo gida ta zama uwar kowa. Yaya muke ce mata. Ba ta taɓa zagina ba a lokacin, amma tun da ƙanenta ya tafi take kallona kamar ni na kai shi bariki.

Bayan wasu watanni mahaifiyata ta kwanta ciwo, aka ba ni izini na koma gidanmu a unguwar Koki jinya. Mu biyu ne a gidan, don mahaifina ya rasu tun ina ƙarama. Wata rana da la'asar sai ga sallama, na leƙa, sai ga mijina cikin kaki, ya rame ya yi baƙi. Za a wuce da su bakin daga, ya samu ya sulale zuwa wayewar gari. Ya ce ya je har bakin lungun gidansu, ya hango Malam a zaure, zuciyarsa ta ƙi. Inna da jin muryarsa ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ƙuryar ɗaki, gaisuwar ma ta bayan labule ta amsa. Suruki ya kwana a gidan surukarsa, wannan abin kunya ne da ba a ko faɗa. Amma mutum zai tafi inda ake mutuwa, wa zai kore shi? Ya kwana, da asuba ya tafi. Inna ta kira ni ta ce, “Abin da ya faru a gidan nan, a gidan nan ya mutu. Kin ji ni?” Na ce na ji. Yarinta ce, ban san abin da na amsa ba.

Da Inna ta samu sauƙi na koma Madabo, ba a jima ba ciki ya bayyana. Mata kuwa ba a koya musu lissafin wata. Sai na shigo tsakar gida hira ta mutu. Malam ne ya kashe maganar, ya ce a littafi ciki kan kwanta ya daɗe sannan ya tashi, kuma ɗa na mai shimfiɗa ne. Yaya ta ce, “Haka ne, Malam.” Ta ciki na ciki. Ni kuma na bar maganar a haka, tunda an sama mini mafita ba tare da na tona asirin Inna ba. Faccalata ma tana da ciki, tare muke jan ƙafa.

Na riga ta sauka da 'yan kwanaki. Namiji. Ran da wanzami ya zo cire belu ina ɗaki, ungozoma ta fita da jaririn tsakar gida, Yaya na tsaye a kansu. Ina leƙe ta jikin asabari. Ya cire belun, yaro ya tsala kuka, ya shafa masa magani. Maimakon ya miƙa shi, sai ya kama 'yar haɓar ya juya ta wajen haske, ya daɗe yana kallo, ya tsotsi haƙori.

Yaya ta ce, “Baba, lafiya?”

Ya ce, “Hajiya, ni dai aska nake riƙewa, ba shari'a ba. Amma kin san ciki na kwanciya, leɓe ba ya kwanciya. Wannan bakin tulu ne. Tun da nake a gidan nan ban taɓa tsaga irinsa ba, kuma ba zan fara da tsufana ba.”

Ya tattara zabirarsa ya fita. Jariri ɗan kwana uku, wanda ya gama kuka leɓensa ya kumbura, ga ɗan ƙullutun shan nono a tsakiyar na sama, shi aka yanke wa hukunci. Ungozoma ta ce ita a ganinta bakin ubansa ne sak. Wata maƙwabciya ta ce a'a, na uwarsa ne. Wata ta ce da safe in yana barci siriri ne, da yamma sai ya cika. Kowa da abin da idonta ya gaya mata, amma ta wanzami ce ta zauna, don shi ne mai aska.

A ranar na karya alkawarin Inna. Na kira Yaya ɗaki na gaya mata komai, da ranar da ya zo da yadda ya tafi. Dariya ta yi, irin wadda ba a buɗe baki.

“Ƙanena ya shigo birnin nan, ya wuce ƙofar gidan ubansa, ya je ya kwana a gidan surukai? Ɗan gidan malamai? Yarinya, in za ki yi ƙarya ki yi wadda za ta zauna.”

Duk da haka ta aika wata dattijuwa Koki a tambayi Inna. Na san abin da Inna ta ce, don har ɗaki aka kawo mini. Sunkuyar da kai ta yi ta ce, “Allah ne masani.” Shi ke nan. Uwar da ta haife ni, ta gwammace a ce 'yarta ta yi abin kunya a ɓoye da ta buɗe baki ta ce surukinta ya kwana a ƙarƙashin rufinta. Na yi kuka har nono ya nemi ɗaukewa. Ina son Inna, na yi jinyarta har ƙarshenta, amma wannan kalmar tata ba ta taɓa fita daga raina ba.

Ana cikin haka faccalata ta haihu, ita ma namiji. Tukunyar wanka ɗaya ake dafa mana, kunun kanwa ɗaya, ungozoma ɗaya ke wanke jariran biyu a ƙofar ɗakina. Ranar cire belun nata ta faɗo ana gobe sunan nawa. Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Ungozomar kuwa dama sun daɗe ba sa ga maciji da wanzami a kan rabon naman suna, faɗuwa ta zo daidai da zama. Da ta gama yi musu wanka, ta naɗe ɗana a cikin zanen faccalata, ta sa masa hular ɗanta, ta kwantar da ɗan faccalar a ɗakina. Faccalata na ɗakinta, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Ɗana na fari ne, kuma a al'ada ko kallonsa bai kamata in yi a gaban mutane ba, balle in tsaya masa. Amma ran nan na tsaya a bakin ƙofa, don in tsohon nan ya kai aska bakin yaron zan yi kukan kura in fizge shi.

Yaya ce ta karɓe shi daga hannun ungozoma. Ta buɗe fuskar ta ce, “Tubarkalla! Kamar an tsaga kara da Malam.” Ta miƙa wa wanzami. Ya ɗora shi a cinya, ya kama haɓar nan dai da ya kama kwanakin baya, ya juya ta wajen hasken nan dai, fuskarsa ta washe.

“Yawwa! Hajiya, zo ki ga abin da nake faɗa miki. Ga leɓen gidan malamai. Dubi na sama, dubi ɗan tsinin nan, dubi na ƙasa. Ko a duhu na shafa wannan na san jininku ne. Ɗauko wancan ki jera su ki ga bambanci.”

Ya ɗauki ɗan karansa ya danne harshen yaron, ya leƙa. Ya sake leƙawa. Babu belu, sai tabon askarsa da bai gama warkewa ba. Wallahi na ga lokacin da wuta ta ɗauke masa. Hannunsa ya tsaya cak a sama, goron bakinsa ma ya daina taunawa.

Na fito tsakar gida na ce, “Baba, bakin tulun ne. Shi ne dai wanda ka ƙi.”

A wautata na ɗauka magana ta ƙare. Na zaci Yaya za ta riƙe baki, wanzami ya nemi gafara, gobe a tsaga wa ɗana 'yan baka kowa ya huta. Ban san borin kunya ba. Tsohon ya miƙe, ya ce shekara da shekaru yana yi wa gidan nan hidima ba a taɓa yi masa wasan yara ba sai yau. Ya ce zane da hula ne suka ɗauke masa hankali, ba leɓen ya duba da kyau ba. Mutumin da yanzun nan ya ce ko a duhu zai gane! Ya rantse askarsa ba za ta taɓa yaron da aka ci mutuncinsa da shi ba. Faccalata ta fito tana kuka tana neman ɗanta, ta fizge shi daga ɗakina kamar na ce zan cinye shi. Ita kuwa Yaya, wadda da bakinta ta ce an tsaga kara, ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

“Macen da ta iya musanya jarirai a gaban idonmu, mene ne ba za ta iya musanyawa a bayan idonmu ba?”

Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Washegari Malam ya raɗa suna, aka yanka rago, don shi a wurinsa hukunci hukunci ne. Wani almajirinsa babba ne ya aske kan yaron. Na roƙa a kira wani wanzamin, aka ce babu wanzamin da zai shiga gidan da yake da nasa na gado. Na aika wa Malam ta bakin matarsa, ya ce tsaga ba farilla ba ce, a jira uban yaro ya dawo. Ya faɗi gaskiya, ba farilla ba ce. Amma shi da 'ya'yansa duk suna da ita. Da sunan ɗan faccalata ya zo, ina ji daga ɗaki aka tsaga masa, mata na guɗa.

Haka muka zauna har yaƙi ya ƙare, babu labarin mijina, ko na rai ko na mutuwa. Yara biyu suka tashi a tsakar gida ɗaya, suna rarrafe tare suna cin ƙasa tare, ɗaya da shaida a fuska, ɗaya fuska sumul. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce, “Zo in goge maka baki,” ta kama haɓarsa ta ƙare masa kallo. Wata ta ce yana kama, wata ta taɓe baki. Har yaron ya koyi kawar da kai in an miƙo hannu. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na kamu. In yana barci sai in tsinci kaina ina duban leɓensa ina auna shi da na ubansa a zuci, ni da na san komai. Na tsani wanzamin nan a kan abubuwa da yawa, amma wannan ya fi.

Abu ɗaya ya riƙe ni. Kullum ina cewa, bari ya dawo. Kalma ɗaya zai faɗa, “Na zo Koki,” duk bakin nan ya mutu. Yaya kuma tana nata jiran, tana cewa in ya dawo a jera su baki da baki, gani ya kori ji.

Ya dawo bayan an daina yaƙi da 'yan watanni, da rana tsaka, da rawani ya rufe rabin fuska. Da ya sauke shi a tsakar gida sai da faccalata ta yi salati. Harsashi ya tafi da gefen leɓensa na sama da haƙora, an ɗinke wurin ya tattare, 'yan bakansa na gefe ɗaya ma sun tafi. Babu abin da za a jera. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na durƙusa na gaishe shi ina hawaye. Amma kafin ya shigo ya daɗe a zaure da Malam, Yaya kuma ta tare shi a soro. Na san an riga an ba shi labari.

Ko ruwa bai gama sha ba Yaya ta turo yaron gabansa. Malam na tsaye daga bakin soro. Na zuba wa mijina ido ina jiran kalmata. Ya dubi wansa, ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙa hannu ya kama haɓar yaron. Yaron ya kawar da kai, ya sake kamowa, ya juya fuskar wajen haske. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Shi da ya san ranar da ya zo, ya san ɗakin da ya kwana, ya kuma iya ƙirga wata kamar kowa.

Can ya ce, da maganarsa da ta koma ta iska-iska, “Nawa ne. Ai Malam ya faɗa, ciki kan kwanta.”

Yaya ta rangaɗa guɗa. Malam ya ce alhamdu lillahi. Kowa ya ji daɗi, an wanke yaro, babu wanda ya ji kunya. Ni kaɗai aka bari da ƙaryar da ban yi ba, don har Yaya ta mutu tana ba da labarin yadda na ƙirƙiro zuwan Koki saboda tsoro.

Kwana kaɗan sai ga wanzami da zabirarsa, mijina ne ya aika masa. Ya zauna a kan tabarma yana wasa aska a tafin hannu, ya hango yaron ya ce, “Ai ga shi nan, leɓen ya zauna yanzu. Dama na yaro sai ya yi ƙwari ake tantancewa. Kawo shi, 'yata.”

Na sunkuya na ɗauki ɗana, ƙato da shi, na goya shi na ɗaure da majanyi tamau. Na ce, “Baba, mayar da askarka. Ba ta san shi yana ɗan kwana bakwai ba, ba za ta san shi yanzu ba.” Yaya ta ce na haukace. Malam ya aiko a gaya mini in bi umarnin mijina. Na ce a yanka ni tukuna. Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da yaron a bayana, har tsohon ya gaji ya tafi. Ba a sake kiran wanzamin ba, ɗana kuma har ya yi furfura babu tsaga a fuskarsa.

Mijina ya biyo ni ɗaki a ranar. Ya tsaya daga ƙofa, yana rufe bakinsa da gefen rawani kamar yadda ya riƙa yi har ƙarshen ransa.

Ya ce, “Me kuma kike so? A gaban kowa na ce nawa ne.”

Na ce, “Ka ce naka ne bayan ka duba.”